Mushe Armiya'u da San Hammadu

Allah Ya yi wa Zurmi baiwa iri-iri, ga gero, ga dawa, amma babu kamar ranar da Ya ba ta Armiya'u dillalin shanu. Mutum ne da ya sha ilimi ya ƙoshi cikin kwana goma sha tara kacal. Sha biyu ya yi a Maraɗi, inda ya raka motar awaki, ya dawo da Faransanci. Bakwai kuma ya yi a Ƙauran Namoda yana jinyar haƙori a maƙwabtan wata makaranta, Turanci ya riƙa shigo masa ta taga. Wasu sai su shekara ashirin a jami'a ba su kwaso rabin haka ba.

Da dawowarsa ya gano ciwon da ke damun kasuwar dabbobi. Ba rani ba ne, ba tsadar dusa ba. Hausa ce.

"Hausa ba ta da kalmomin daraja," in ji shi a majalisa, yana gyara tabarau. "Shi as sa shanunmu ba su kuɗi. Bature ya ce balu. Bafaranshe ya ce balar. Ka ji nauyi! In abu ya hi gaban a yi mai kuɗi, sai a ce firaisles. Mu hwa, mi muke da shi?"

Wani dattijo ya fara lissafo masa ƙima, martaba, mutunci, kwarjini. Armiya'u ya ɗaga masa hannu. "Baba, waɗanga duk lokal na."

Mai irin wannan ilimi kuwa ba ya zama da suna tsirara. A Maraɗi ya ji ana kiran malamai da manyan ma'aikata Mushe, wato yadda bakin mutanen can ya lanƙwasa kalmar girmamawa ta Faransanci. Alhaji ya yi yawa a gari, Malam kuma ko mai gyaran rediyo amsawa yake. Sai ya sanar da cewa daga ranar shi Mushe Armiya'u ne. Gwaggonsa Ladidi ta saki muciya ta ce, "Ɗan nan, wace dabba tam mutu ba a yanka ba?" Ya yi mata murmushin tausayi, irin wanda masana ke yi wa jahilai.

Ana haka sai ga Hammadu, wani Bafulatani daga Katuru, da farin sansa guda da ya shekara huɗu yana kiwo. So yake ya sayar, ya sayi maruƙa biyu na huɗa kafin ruwa ya sauka, ga shi hadari ya fara haɗuwa a gabas. In san bai tafi a kasuwar wannan makon ba, gonarsa sai dai fartanya. Armiya'u ya doki ƙirji ya ce da kalma uku zai ninka masa kuɗin.

Ranar Alhamis suka shiga karar Shinkafi, wato kasuwar dabbobinta. Al'ada ce dillali ya ɗiga wa dabbar da ke hannunsa fenti don a gane ta. Ƙananan dillalai ɗigo suke yi, ko ɗan layi. Babba kuwa sai babban aiki. Armiya'u ya tsoma buroshi a jan fenti, ya rangaɗa lambar girmansa a haƙarƙarin san, tun daga kafaɗa har gindin wutsiya: MUSHE.

Ya hau turmi ya buɗe murya. "Jama'a! Wanga sa firaisles na! Ba shi da kuɗi! Balunai ya wuce tayi! Kayan Mushe na!"

Mudi mahauci, wanda ya zo da niyyar saye, ya karanta jikin san, ya dubi dillalin. "Ba shi da kuɗi, kuma mushe na. To, yau dai mun ji gaskiya bakin dillali." Ya ja da baya, sauran mahauta suka bi shi. Kafin azahar labari ya kai har layin masu tattasai cewa akwai san da ya mutu a tsaye. Shi dai san tuƙarsa yake yi, bai san an yi masa ta'aziyya ba.

Can sai ga Amadu, wani falke daga Maraɗi. Armiya'u ya diro daga turmi, ya zazzage masa Faransancin kwana goma sha biyu gaba ɗaya, har da gaisuwar dare, sannan ya yanka masa farashi. Amadu ya girgiza kai ya ce, "Tro sher."

Sher! Wannan kam Armiya'u ya san ta, ita ce a cikin mon sher, wato masoyina. Ya rungume baƙon har hularsa ta faɗi. "Kun jiya? Ya ce ni abin ƙauna na ƙwarai da gaske!"

Amadu ya ɗauki hularsa ya karkaɗe, ya amsa da Hausa tas. "Tsada nac ce ya yi, bawan Allah. Kuma ko can wurinmu, mutum aka ce ma Mushe, ba a rubuta shi ga sa."

La'asar ta kawo kai, kara ta fara watsewa, hankalin Hammadu ya tashi ƙwarai. Ya ari bokiti, ya samo toka da tsumma, ya dirje san har ya koma fari. Ya ja igiyarsa ya tarar da Amadu a bakin mota. Amadu ya taya, Hammadu ya ce albarka. Amadu ya ƙara, Hammadu ya ce albarka. Ya sake ƙarawa, ya ce ya sallama. Ko balu ɗaya ba a ambata ba.

Sai ga Armiya'u da gudu, babbar riga na kaɗawa, ya miƙa hannu yana neman la'adarsa.

Hammadu ya kama hannun da hannu biyu, ya girgiza shi cikin ladabi.

"Mushe, ai aikinka firaisles na. Ba shi da kuɗi."