Ranar da Na Zama Ambulan Ɗin Nima

Likita ne ya ce in rage tumbi, ni kuwa ba na yin abu rabi da rabi. Na je Kotobabi na sayo keken jarirai na gwanjo mai ƙafa uku, irin wanda ake turawa a guje. Matata ta ce, "Baban Sadiya, a unguwar nan ta Nima ba a gudu sai da dalili." Na ce mata wayewa ce ba ta iso ta ba tukuna.

Gari na wayewa na ɗaure 'yarmu Sadiya a cikin keken, na fita da gudu. Ina wuce Hajiya mai koko na ji takun mutane a bayana. Na waiga, sai ga mutum wajen goma, har da ladanmu riƙe da takalmi a hannu. Wallahi daɗi na ji. Na ɗauka na zaburar da unguwa, sai na ƙara wuta.

A bakin titi suka cim mini, wani har ya tare tasi. Hajiya ta fizge yarinyar tana haki: "Me ya same ta? Direba, asibiti!" Sadiya kuwa sai dariya take.

Na ce motsa jiki nake yi. Ladan ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Da lafiyarka ka sa dattawa gudu?"

To wa ya aike su? Ni na kira su?

Shekara biyu ke nan. Tumbin yana nan, keken ya koma ɗaukar jarkar ruwa. Amma ko a hankali na doshi masallaci, sai ladan ya ɗaga hannu ya ce, "Jama'a, a ba Ambulan hanya."