Rasuwar Baƙa, Kwamfutar da Yaji Ya Kashe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da ya fi baƙin cikin yawa, ni Haman mai soya, wato mai tsire, na unguwar Briqueterie ina sanar da 'yan uwa da maƙwabta da masu cin nama a wurina cewa kwamfutar gidana, wadda muke kira Baƙa, ta mutu. Ta mutu tana tsakiyar zuba yaji a kan tsiren da babu shi a duniya, tsiren zane, kuma aikin makarantar 'yata Jaratu ya tafi da ita.

Marigayiya ta shigo gidana da ƙarfinta. Ni na saye ta, don Jaratu tana karatun zanen da ke motsi, irin wanda ake juya abu a ga gabansa da bayansa kamar yana hannunka. Baƙa ba ta da surutu. Idan an tashe ta, ta ce "tin-din", shi ke nan gaisuwarta. Idan an ɗauke wuta ba ta faɗuwa kamar firij, tana daurewa. Ta nuna wa matata Kaltuma fuskar ƙaninta da ke Marwa. Ba ta taɓa cin namana ba, wanda ba zan iya faɗa a kan rabin mutanen layin nan ba.

Ga yadda ciwon ya fara, don na gaji da jin ƙarya a bakin masallaci.

Malamai sun ce kowane ɗalibi ya yi ɗan fim na ƙarshen karatu, ya tsaya gabansu ya kare shi. Jaratu ta zaɓi tsirena. Ta gina naman a cikin Baƙa, da tsinke da albasa, har mai yana ƙyalli. Da aka zo wajen yaji sai abu ya lalace. Ƙwayoyin suka watse ko'ina, a kan tsinke, a kan faranti, wasu ma a tsaye cikin iska. Garga mahauci, maƙwabcin rumfata, ya leƙa ya ce, "Haman, ashe haka kake zuba yaji, kamar mai ba kaji tsaba?" Aka yi dariya. Ni ban yi ba.

Jaratu ta gyara. Ta nuna mini dabarar: ana shafa wa naman launi. Inda ta shafa ja, yaji ya zauna da yawa. Inda ta bar shuɗi, ko ƙwaya ɗaya ba ta sauka. Na ce madalla, to sa ja sosai a tsoka, rage a kitse don kitse yana narkar da shi, tsinke kuma shuɗi, mutum ba ya kama tsinke mai yaji. Ta yi. Ya yi kyau, ban ɓoye ba.

Sai na ce ta juya mini naman. Ta juya. Ƙasansa shuɗi fes, tsirara.

Ta ce, "Baba, kamara ba ta zuwa nan. Malaminmu ya ce inda ido ba ya kaiwa ba a ɗora wa inji nauyi."

Na ce kamara ba ta gani, Allah yana gani. Tun ina hura wa mahaifina gawayi na san mai soyar da ya yaɗa yaji a sama ya bar ƙasa ɓarawo ne. Sunana ne a fim ɗin. Ba za a haska ni gaban mutanen unguwar Tsinga da rabin tsire ba. Wannan malami, duk inda yake, ya sani yana koya wa 'ya'yan mutane ha'inci da sunan dabara.

Ta shafa ƙasan ja. Na ce yajina ba gari ɗaya ba ne, akwai ƙuli, akwai barkono, akwai citta, kowanne da girmansa. Ta ƙara. Ta ce ƙwayoyin sun haura miliyan, Baƙa na wahala. Na ce ta kawo ta rumfa ta ga yadda hannuna ke yi, ta daina aiki da ka. Ta kawo ta, muka ajiye ta a benci kusa da wuta, Jaratu tana kallo tana kwaikwayo har tsawon mako.

A nan numfashin marigayiya ya canza. Da "fuuu" take yi a hankali, sai ta koma "gurrr" kamar tsohon taksi a kan tudu. Jikinta ya yi zafin da za a iya ɗumama shayi. Ranar Juma'a bayan la'asar, tana haɗa hotunan ƙarshe, ta ce "ƙit". Fuskarta ta yi baƙi. Ba ta sake cewa komai ba.

Muka kai ta wurin Abdulmajid mai gyara a unguwar Elig-Edzoa. Ya buɗe cikinta ya yi atishawa. Ya ce fankar ta toshe da maiƙo da yaji na gaske, allon da ke cikinta ya ƙone, ma'ajiyar aiki kuma manne take da allon, babu abin da zai fito. Ya ce laifin hayaƙi ne. Hayaƙin nan ni nake shaƙa tun kafin a haife shi, ga ni a tsaye. Wanda ya sayar mini da ita ya rantse za ta ɗauki kowane aiki. Bai ce ban da yaji ba. Injin da aka ce yana zana jirgin sama, ya kasa juya tsire ɗaya gaba da baya, wannan cuta ce daga waɗanda suka ƙera shi.

Ta rasu ta bar caja, da jaka, da ɗan ɓeran da ake jan kibiya da shi. Ta bar kuma ɗan kile, wanda aikinsa ajiye kwafin aiki. Shi a ranar yana aljihun Garga, ya ara ya cika shi da waƙoƙin biki. Garga ɗin ne kuma yau yake yawo yana cewa taurin kaina ne ya kashe ta.

Jana'iza gobe da hantsi. Ba wanka, ba salla, ƙarfe ce, ba mu haukace ba. Abdulmajid zai cire abin da ya ciru, sauran a ba masu gwangwan. Ana karɓar gaisuwa a rumfata. Wanda ya san zai ce da an bar ƙasan naman shuɗi da tana raye, ya yi zamansa a gida.

Masu ta'aziyyar gaske su wuce cikin gida wajen Jaratu. Ranar Litinin an kira sunanta a makaranta, ba ta da abin nunawa, za ta maimaita shekara. Kada kowa ya kai mata tsire. Tun ranar tana gaishe ni da safe, tana gaishe ni da yamma, ba ta ƙara kalma a kai.