Zanen Faransa a Zauren Maiwada

Daga Mafara zuwa Bakura har Maradun, Allah bai halicci idon da ya san zane kamar na Maiwada ba. Shi da kansa ya faɗa, kuma ba a taɓa jin ya janye ba. 'Yan uwansa fadawa suna kiransa Sarkin Ido, shi kuwa yana amsawa da gyaran rawani, don a zatonsa naɗin ne kawai ya yi jinkiri.

Ga shi jarumi. Duk yaƙin da aka fita yakan iso bayan an gama, ya afka ɗakunan da masu su suka gudu, ya yi artabu da ƙore da faya-fayai har sai sun miƙa wuya. A irin wannan gumurzu ne, a wani ƙauye bayan Maradun, ya kamo wata jar fata mai zanen kore da baƙi.

A lokacin fatake suna ta kawo labarin Faransawa, wai sarakunansu kan ajiye masu zane a fada suna ciyar da su kamar dawaki. Kafin mako ya zagayo fatar nan ta zama 'yar Faransa. Maiwada ya rataye ta a zaure, mai son kallo sai ya tuɓe takalmi.

"Wanga aikin babban mai zanen sarkinsu ne," in ji shi. "Shekara bakwai ya yi a kansa. Ku da kuka saba da zanen ƙwarya, ku dai duba ku yi shiru."

Ranar Talata ya naɗe ta ya kai gaisuwa fada, yana hangen sarauta. Aka yi dace fada ta cika, har da wata tsohuwa mai aikin dukanci, Kaltumi, wadda ta zo ƙara kan kayanta da aka kwashe a yaƙi. Maiwada ya shimfiɗa fatar gaban sarki, ya nuna wani baƙin tabo mai sheƙi a tsakiya. Ya ce turaren sarakunan Faransa ne ya kama wurin, talaka ma ba ya iya jin ƙanshinsa. Ya duƙa ya shaƙa, ya lumshe ido.

Sai Kaltumi ta matso ta durƙusa, ta ce ita ta jeme fatar nan, ita ta zana ta, kuma a ɗaga gefenta za a ga faci mai ɗinki uku. Aka ɗaga, ga faci. Maiwada bai ko ɗago ba, ya ce ai Faransawa ma suna faci.

Sarki ya tambayi tsohuwa batun turaren.

"Allah shi ba ka nasara, shimfiɗar jakina ce. Gyambo gare shi a baya, nan ne yake tsiyaya."

Har lokacin hancin Maiwada yana kan tabon.