Yadda Za Ka Je Kwas ɗin Kwamfuta Ka Dawo Gwani Ba Ka Taɓa Ta Ba

Ɗan'uwa ma'aikaci, zauna ka huta. Tunda aka ba mu jiharmu ta Kebbi, kwas ya yi yawa, kuma wata rana layi zai zo kanka. Ka bi matakan nan a hankali, na yi maka alkawari za ka dawo da satifiket da girma, kanka kuma wasai kamar yadda ka tafi da shi. Na gani da idona wajen Malam Labbo, mutumin Jandutsi, akawu a wata sakatariya ta yankinmu.

1. Ka zama wanda ba a rasa komai in ya tafi

Ba a tura mai aiki kwas. In an tura shi, wa zai yi aikin? Da aka kawo kwamfuta ofishin su Labbo, kowa ya zaci Adama mai buga tafireta za ta tafi. Labbo ya je gun Shugaban sakatariyar yana tausayin gwamnati. “Ranka shi daɗe, in Adama ta tahi, wa ka buga muna takardu?” Washegari yana cikin motar Birnin Kebbi. Shugaba dai ya ja masa kunne: in ya dawo bai iya ba, tsaron sito za a mai da shi, can cikin zafi da ɓeraye.

2. Ka kula da alwalarka

A zauren kwas, zauna tsakiya. Na gaba ake tambaya, na baya ake zargi. Kwamfutar ɗaya ce, malamin zai riƙa kiran mutane su zo su danna. Da ka ga an kusa zuwa kanka, tashi ka ɗauki buta. Babu malamin da zai hana Musulmi sabunta alwala. Labbo ya gama kwas ɗin nan da tsarki irin wanda bai taɓa yi ba a rayuwarsa.

Abu biyu ne ba a wasa da su: shayin safe da hoton rufe taro. A hoton ka tsaya kusa da malami, ka ɗaure fuska kamar ilimi ya yi maka nauyi.

3. Ka dawo da sharuɗɗa

Gwani da sharaɗi ake gane shi. Labbo ya sauka da jakar kwas a kafaɗa, ya ce kwamfuta ba ta son zafi, aka sa mata na'urar sanyi. Ba ta son ƙura, kowa ya riƙa tuɓe takalmi a ƙofa. Ba ta son warin albasa. Wannan shi ya ƙara da kansa, don wani abokin aikinsa, Yahaya na Danwarai, ya cika tambaya.

“Malam Labbo, yaushe za mu ga ta yi magana?”

“Yahaya, kai da ka wuni cikin rumbun albasa? Matsa baya, kar ka kashe muna kayan gwamnati.”

Matarsa Amariya ta ɗinka wa kwamfutar riga mai aiki a baki. Labbo ya shimfiɗa darduma gefe, yana gadi cikin sanyi. In an matsa masa ya kunna, sai ya ce babu wuta. Wannan uzurin ba ya tsufa.

4. Ranar da aka kawo janareto

Za ta zo, kar ka ruɗi kanka. Ta Labbo ta zo ranar da Shugaba ya gayyato baƙi daga Jega da Aliero da Maiyama su ga ci gaba. Janareto na ruri, ɗaki ya cika, aka yaye riga.

“To Labbo, bismilla. Kunna muna.”

Labbo ya zagaya teburin. Ya leƙa bayan kwamfutar, ya ga wayoyi kamar saiwar kuka. Sito ya faɗo masa a rai. Sai ya russuna har ƙasa.

“Ranka shi daɗe, ina ni ina riga ku? Ku da kunka yi babban kwas na shugabanni a Kaduna? A garinmu yaro bai sa hannu ga akushi gaban babba. Ku buɗe muna ita da hannunku mai albarka.”

Jama'a suka ɗauki kabbara. Shugaba ya matso, ya miƙa yatsa, yatsan ya yi ta yawo a iska. Ya dubi Labbo, Labbo ya dube shi. A nan suka gane makarantarsu ɗaya.

Shugaba ya shafa kan kwamfutar kamar kan maraya. “Lafiyayya ta. Na duba. Jama'a, tuwo na hucewa.”

5. Ka karɓi ƙarin girma da tawali'u

Wanda ya san sirrin babba ba ya zuwa sito. Kafin wata ya mutu, aka naɗa Labbo mai horar da ma'aikata kan kwamfuta. Yahaya ne ɗalibinsa na farko, yana zaune a waje ta taga, saboda albasa.

Gargaɗi

Ni nasiha kawai na yi, ban aiki kowa ba. In Allah ya jarrabe ka da shugaban da ya zauna ya saurari nasa kwas ɗin, ya miƙa yatsa ya danna ta kama, to ban san ka ba, ban san gidanku ba. Iyakar abin da zan iya, in na biyo ta bakin sito, in yi maka sannu da aiki.