Kwalliyar da Na Yi wa Motar Alhaji

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka yaye mayafi daga kan motar Alhaji Bala a ɗakin gwanjo ba, kuma ko na so in manta, mutanen ginin Tianxiu, inda ofishinmu yake, ba za su bar ni ba. Har yau idan na shiga lif sai wani ya tambaye ni ko ina da ragowar fitila mai launi.

Alhaji Bala maigidana ne. Shi ya ɗauko ni daga Kantin Kwari ya kawo ni Guangzhou ta ƙasar China, ya zaunar da ni a ofishinsa na aika kaya gida. A shekarar da abin ya faru gwiwa ta matsa masa, ya fara maganar komawa Kano gaba ɗaya, kuma kowa ya san yana duba wanda zai bar wa ofis. Mu biyu ne a ƙarƙashinsa, ni da Razak, wani ɗan zangon Kumasi. Ni dai na riga na zaɓi kaina a zuci (har kujerar Alhaji nakan gwada idan ya sauka masallaci).

Motar kuwa tsohuwa ce ƙirar Ingila, baƙa, mai ƙofa huɗu, ta girme ni nesa ba kusa ba. A wani sito a bayan gari Alhaji ya gan ta, ƙura ta binne ta. Ya ce irinta mahaifinsa ya tuƙa wa wani Bature a Kano zamanin da, kuma yana yaro a kujerar baya ake ɓoye shi a kai shi makaranta. Ya saya, ya miƙa wa wani makaniki, Mista Lin, wanda ya daɗe yana fama da ita har ta tashi. Niyyar Alhaji ya kai ta gida, amma takardun fitar da ita suka ƙi. Da baƙin ciki ya yarda a saka ta a gwanjon tsofaffin motoci.

Ana saura kwanaki a yi gwanjon sai ɗaurin aure ya kira shi Kano. Ya ba ni makulli ya ce, "Masu gwanjo sun zo sun duba, sun ɗauki hoto. Kai dai ka ga an kai ta. Idan na dawo, daga filin jirgi can zan wuce."

Na je garejin Mista Lin na leƙa cikinta, gabana ya faɗi. Rediyo irin na murɗawa. Gaban direba katako. Kujerun fata duk sun yi laushi, fitilu kuma ja-ja kamar aci-balbal. Ni da na yi shekaru ina loda wa dillalan motocin Kano kayan kwalliya a kwantena, na san abin da ke sayar da mota. A wurinmu wa zai kai mota kasuwa tsirara haka, ba rigar kujera, ba ko ɗan turare? Na riƙa hango ta a tsaye ba wanda ya taya, Alhaji ya juyo yana kallona. Abinci ma ya daina shiga.

Na gaya wa Razak abin da nake shirin yi. Ya ce, "Massa, mota nan ka bar shi yadda yake. Masu saye, tsufan suke so."

Na yi murmushi kawai. A raina na ce, ai dole ka faɗi haka, kai ma kujerar kake hari.

Washegari na sa aka janyo motar zuwa kasuwar kayan mota, na ce wa Mista Lin wanki zan kai ta. Ranar ce kaɗai tun zuwana China da ba wanda ya ce min "meyo", wato babu. Komai akwai. Aka sa wa kujeru riga ja mai ɗinkin zinare. Sitiyari ya samu riga mai gashi. Aka manna baƙar leda a gilasai, aka liƙa allon taɓawa a kan katakon nan da gam, aka zagaya ƙarƙashinta da fitila mai canza launi. Mai shagon ya ce, "Lawban," wato maigida, "akwai mai magana idan za a yi baya." Na ce a saka. Daga aljihuna na biya, ina jin kaina kamar ɗan da ya kai uwarsa Makka. Na lulluɓe ta da mayafi, na ja wa mai ɗaukar ta kunne kada kowa ya buɗe sai a kan dandamali.

Ranar gwanjo na sha shadda gizna na tafi Tianhe, unguwar attajirai inda ɗakin gwanjon yake. Ina shiga ɗakin jikina ya fara ba ni labari. Motocin da aka jera duk tsofaffi ne, kuma ba wadda aka yi wa ko ɗigon kwalliya. Masu kuɗi sanye da farar safar hannu suna zagaya su a hankali. Na ga wani dattijo ya durƙusa yana haska tsohon rediyo da tocila, rediyon ma ya fi namu tsufa, yana gyaɗa kai kamar an nuna masa jikansa.

Na juya zan lallaɓa baya in cire abin da zai ciru, sai na ji an riƙe hannuna. Alhaji ne, da jakar tafiyarsa, Razak na biye da shi.

"Ina za ka? Zo ka zauna kusa da ni, ƙirjina bugawa yake."

Na zauna. Nawa ƙirjin ban san sunan abin da yake yi ba. Duk motar da aka buga wa guduma sai in ji kamar a kaina aka buga. Na yi addu'a a ɗauke wuta (a Tianhe, ku ji fa). Na yi addu'a a manta da tamu. Sai ga hotonta a babban allo, baƙa, tsaf, yadda take kafin in taɓa ta. Masu saye suka gyara zama. Alhaji ya matse hannuna ya ce, "Allah ya jiƙan Baba."

Aka turo ta, aka yaye mayafin.

Da farko ba wanda ya yi motsi. Mista Lin, wanda aka kira ya tayar da ita, ya tsaya da makulli a hannu yana kallon sitiyari mai gashi. Ya shiga dai ya murɗa. Ƙarƙashin motar ya kama walƙiya, shuɗi, kore, ja. Ya ɗan ja ta baya don ta daidaita, sai wata murya ta mace ta cika ɗakin da Sinanci tana gargaɗin a kauce mota za ta yi baya. Wani ya tuntsire da dariya a layin gaba, sauran suka ɗauka. Wayoyi suka tashi sama.

Mai gwanjo ya yi magana, tafinta ta matso ta ce, motar da ke hoto ba ita ce wannan ba. Ko a mayar da ita yadda take yanzu-yanzu, ko a fitar da ita.

Alhaji bai dube ni ba. Ya saki hannuna kawai ya ce, "Tashi."

Haka na hau dandamali da giznata, na durƙusa a gaban attajiran Guangzhou ina tuɓe wa mota riga. Na kwanta rigingine na ɓalle fitilu, na ɓare ledar gilasai da farce. Razak ya hau ya taya ni, kuma wannan taimakon ya fi zagi ciwo. Da aka zo kan allon, gam ya ƙi saki. Na ja da ƙarfi, ya taho da fatar katakon, ya bar farin tabo kamar tafin hannu. Mista Lin ya juya baya ya fita.

An sayar da ita, amma dattijon mai tocila da ya fi kowa so ya haska tabon sau ɗaya ya ajiye katin tayinsa. Ba sai na faɗa muku yadda farashin ya kasance ba.

A tasi muna komawa unguwarmu Xiaobei, buhun kwalliyar a kan cinyata, na tattaro ƙarfin hali na ce, "Alhaji, wallahi gyara na yi niyya."

Ya juyo ya dube ni. Sannan ya ce, "Na sani. Abin da ya ba ni tsoro ke nan. Ofishin nan ma tsoho ne, abokan cinikina tsofaffi ne, ni ma haka. Idan na bar maka, me za ka manna mana?"

Razak ne ke zaune a kujerar yanzu, kuma ba laifi, yana riƙe ni da mutunci. Buhun yana nan ƙarƙashin gadona, na kasa sayarwa, na kasa zubarwa. Abin da na koya shi ne, idan aka ba ni amanar tsohon abu, ƙura kawai nake gogewa. Ita ma sai na buga waya na tambaya ko tana cikin abin da ake so.