Ranar da Poa Ta Kore Mana Sista Moraa

Jiya da sassafe na ɗauki galan na shiga layi a bakin gidan mai, a zatona kananzir ya iso. Sai da rana ta take na isa gaba, aka miƙo mini riga ruwan ɗorawa mai hoton fuska tana washe baki. Na ce ina kananzir, aka ce babu, wannan layin murna ne. Wai unguwarmu ce ta zo ta ɗaya a duk gundumar wajen kwanciyar hankalin matasa, ɗari bisa ɗari. Na karɓi rigar, don ba na tsayuwar awa huɗu in koma gida hannu rabbana.

Bari ku ji yadda muka ci gasar. Bayan korona ta rufe makarantu wata tara, ta karya kasuwa, ta cusa yara ɗaki ɗaya da iyayen da ba su da aikin yi, labari ya kai kunnen Mai Girma Shugaban Kwamitin Walwalar Matasa, Allah ya ƙara wa motarsa taya, cewa samari da 'yan mata sun shiga damuwa. Nan take ya kafa ƙaramin kwamiti. Ƙaramin ya tafi otal a bakin teku ya yi nazari, ya dawo da kumatu da takarda mai tambaya ɗaya tal. Aka turo ma'aikata gida-gida. Su tare matashi su ce masa "Mambo?" ya ce "Poa," su sa maki su wuce.

To jama'a, wa ya taɓa amsa mambo da wani abu ban da poa? Gaisuwa ce fa, yaya kake, lafiya lau. Mutumin nan garin ko mota ta take masa ƙafa, poa zai ce kafin ya suma. Simiyu mai gyaran takalma, maƙwabcina, ya rantse mini cewa a asibiti ya ji wani ya ce poa, ba a gama rubutawa ba aka ja masa mayafi.

Cikin waɗanda aka ƙirga masu farin ciki har da 'yata Nekesa, mai shekara goma sha bakwai. Korona ce ta ɗauke uwarta. Yarinyar da a da sai mun kashe rediyo saboda surutunta, yanzu sai ta wuni tana kallon bango, ugali, tuwonmu na masara, ya sandare a gabanta. Da aka buɗe makaranta ta je mako biyu ta daina. Ba zan ɓoye muku ba, tsoro nake ji. Maganin ɓera ma na daina ajiyewa a gidan, ɓerayen kuwa sun gode.

Abin da ya riƙe ta shi ne Sista Moraa, wata nas da ke zuwa ƙaramin asibitinmu duk Alhamis, ta zauna da matasa a gindin mangwaro. Ba ƙwaya, ba allura. Amma ranar Alhamis Nekesa takan ci abinci. Yanzu da muka ci gasa, an ce ba mu da bukatar Sista, an mai da ita unguwar tsallaken rafi. Su can, yaransu "fiti" suke cewa maimakon poa, ma'anar ɗaya ce, sai dai takardar ba ta da gurbin fiti. Aka rubuta su duka cikin masu mummunan hali.

Don haka da na ga Mai Girma da kansa a wurin rabon riga, na ce yau sai ya ji. Na tsara maganata tsaf, tun daga rasuwar matata har zuwa gindin mangwaro. Na kutsa na isa gabansa. Ya kama hannuna, ya juya wajen mai ɗaukar hoto, ya ce da ni, da furfurata da komai, "Mambo, Mzee?" wato dattijo.

Na ce, "Poa."

Wallahi ban san sanda ta fita ba. Kafin in gyara baki ya juya ya ce wa magatakarda ya rubuta, ashe har dattawan ma lafiya suke. Aka tafa, mota ta tashi.

Simiyu ya yi dariya har ya saki galan ɗinsa. Ya ce, "Baban Nekesa, ka kyauta. Da ma likitan hawan jini ne ya rage mana, shi ma ka sallame shi."

Ya fi ni gaskiya. A hanya na tuna ranar da Sista Moraa ke haɗa jakarta, na tambaye ta wane magani take ba yaran nan. Ta ce babu wani sirri, sau biyu take tambaya, kuma bayan ta biyun ba ta tashi.

Na tarar da Nekesa inda na bar ta. Na ce mambo, ta ce poa. Na jawo benci na zauna, na sake cewa mambo. Shiru. Babu kananzir balle in fake da dafa shayi, sai na zauna kawai ina sauraron ɓeraye. Can, ba tare da ta juyo ba, ta ce, "Baba, na fara manta muryar Mama."

Ni ma na fara mantawa, kuma ban taɓa gaya wa kowa ba. Na gaya mata. Muka yi kukan da ba mu samu yi ba ranar da aka binne uwarta muna kallo daga nesa, mutum goma sha biyar da takunkumi.

Gaskiya dai a yaba wa Mai Girma, rigar nan yadinta mai kyau ne. Mutum biyu muka share hawaye da ita, fuskar da ke jiki ba ta daina dariya ba.