Sawun Mai Ƙusa Uku

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da kuwa na so in manta mutanen Karare ba za su bar ni ba, da daminar da dawaki suka addabe mu. Shekarun nan ne da 'yan bindiga suka tarwatsa ƙauyukan bakin daji ta wajen Ruma, mutane suka gudu da abin da hannu zai iya ɗauka. Mai doki a turke sai dai ya kwance shi ya ce Allah ya haɗa mu da alheri. Dawakin nan suka haɗu a daji, suka hayayyafa, suka manta da linzami. Da gero ya fara fitar da kai sai suka gano hanyar gonakinmu. Ka kwana da gonarka lafiya lau, ka wayi gari ka tarar an yi mata aski.

Ni kuwa maharbi ne, gadon gidanmu ne. (Gaskiya tun da daji ya gagari shiga, abin da ya fi zomo girma ban harba ba, amma wannan tsakaninmu ne.) Abin da nake taƙama da shi shi ne karatun sawu. A majalisa nakan ce in na ga sawun mutum zan faɗa maka ko ya ci tuwo ya ƙoshi ko da yunwa ya fito. Saboda wannan bakin nawa mai gari ya kira ni ya ce in bi dawakin nan in gano makwancinsu, a san yadda za a yi da su.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a bar ni da su. In na kayar da ingarman da ke gabansu, sauran za su watse."

Ya ce, "A'a, ba a ce ka harba ba. Doki ba gada ba ne, ba cin namansa muke ba. Ka dai gano mana."

Na fito ina ƙunƙuni. A raina ban yarda dawakin nan ba su da mai su ba. A shekarun nan wa ya yarda da wa? Mai sayar da burodi in ya sayi da yawa sai a ce daji yake kai wa. Wanda ya cika amsa waya a bayan gida, infoman 'yan bindiga ne. Ni da kaina na daina gaisawa da wani abokina saboda ya sayi sabon babur ban san inda ya samo ba.

Ranar da zan fara fita, matata Saude ta ajiye mini takalmina a bakin ƙofa ta ce, "Malam, na ba maƙwabci ya kai maka shi wurin mai gyara ranar kasuwa, dunduniyar ta cinye." Na ce to, na zura ƙafa na rataya bindiga na wuce. Takalmin taya ne, irin wanda kusan kowane magidanci a garin yake sawa, mutum ɗaya ke yanka mana su.

Ranar farko na bi kofato tun daga gonakin yamma har bakin korama. Dawaki sun kai goma sha, har da duƙushi biyu. Ban ga sawun mutum ba. Na laɓe a bayan wani marke ina leƙe har rana ta take, na dawo.

Rana ta biyu, ina isa gonakin sai na tsaya cak. Ga sawun mutum a gefen na dawakin, yana bin su tiryan-tiryan har korama. Na durƙusa na duba da kyau. Takalmin taya ne, amma a dunduniyar hagu akwai faci da kan ƙusa uku, sun fito raɗau a danshin ƙasa. Jiya babu, yau akwai. Na ce, "Ai dama na faɗa! Akwai mai kora su."

Rana ta uku abin ya ƙara muni. Sawun nan ya je har bayan markena, daidai inda nake tsugunawa, ya tsaya ya daɗe. Wato mutumin nan ya san maɓoyata. Ni nake bin sa ko shi yake bi na? Na dawo gida ina waige, ko fura ban iya sha ba. Saude ta tambaye ni lafiya, na ce mata sirrin daji ba na mata ba ne. (Da na buɗe baki na ce mata "ƙusa uku", da a nan labarin ya ƙare, da yau ina da sauran mutunci.)

Rana ta huɗu da hantsi na tsinci sawun a ƙofar gidana. Ƙofar gidana fa! Ya fita, ya shigo, ya sake fita. Na tsaya ina lissafin wanda ke wucewa ta nan kullum, sai hankalina ya tsaya a kan Baba Tanimu.

Baba Tanimu dattijo ne ɗan gudun hijira daga wani ƙauye kusa da Ruma, mai gari ya ba shi ɗaki a bayan masallaci shi da tsohuwarsa. Ba ya zama majalisa, ba ya yawan magana. Kullum bayan sallar asuba sai ya bi ta gaban gidana da ƙwarya a lulluɓe ya nufi yamma, ba ya dawowa sai rana ta ɗaga. Me ke cikin ƙwaryar? Wa yake kai wa? Kuma me ya sa kowa na tsoron yamma ban da shi? Kafin azahar na gama yanke masa hukunci ni kaɗai, kuma na ji daɗin kaina ƙwarai.

Bayan la'asar aka taru a ƙofar gidan mai gari. Kowa ya tuɓe takalminsa a gefe kamar yadda aka saba, aka zauna a tabarmi. Matasan da ke sintiri su ma suna nan da gorori, kuma kowa ya san abin da ke samun wanda aka kira infoma a gabansu. Mafi sauƙi a kore shi daga gari. Na san haka sarai, amma na miƙe na gyara rigata.

Na ce, "Ranka ya daɗe, dawakin nan kora su ake. Ana cinye mana gero don yunwa ta tashe mu. Mai yin aikin kuma yana zaune cikinmu. A tambayi Baba Tanimu ina yake kai ƙwarya kullum."

Baba Tanimu ya ɗago kai ya dube ni.

Ya ce, "Ɗana, mi na yi maka?"

Na ce, "Ba ni za ka tambaya ba, Baba. Ƙasa ba ta ƙarya."

Mai gari ya ce, "Wannan magana babba ce. Kana da shaida?"

Na ce, "Ƙusa uku a dunduniyar hagu. A kife takalman kowa yanzu a duba."

Aka tashi mutum biyu suka bi jerin takalma suna kifewa. Aka zo kan na Baba Tanimu, wani silifas ne da ya suɗe har ana ganin ƙasa ta cikinsa. Babu ƙusa ko ɗaya. Na ce ai sauyawa ya yi, a ci gaba, wataƙila yana da abokin aiki. Can sai ɗaya ya ɗaga wani takalmi sama. Faci, ƙusa uku, suna ƙyalli.

Na daka tsalle na ce, "Allahu Akbar! Ga shi nan! Na wane ne?"

Babu wanda ya amsa. Na bi fuskoki ɗaya bayan ɗaya ina zare ido, har limamin ban ƙyale ba. Na ce, "To, tunda mai shi ya ji kunya, kowa ya je ya sa nasa. Wanda ya rage ƙafa a ƙasa, shi ne." (Ni na kawo wannan dabarar. Ba wanda ya taya ni. Ina so a rubuta haka.)

Aka tashi, kowa ya laluba ya zura nasa. Ni ma na je ina neman nawa. Na duba nan, na duba can. Na ce, "Kai, wani ya sa nawa." Na dubi ƙafafun jama'a, kowa da takalmi. Na dubi tawa. Na dubi wanda ke hannun mutumin nan. Ya juya shi a hankali, sai ga igiyar da na ɗaure maɗaurinsa da ita da hannuna tun bara.

Maƙwabcina ne ya fara magana, daga can baya. Ya ce, "Af, ai ni na kai shi gyara. Saude ta ba ni."

Wallahi na so ƙasa ta tsage. Dariya ta ɓarke, wani har da faɗuwa a kan tabarma. Wani ya ce, "Kwana huɗu yana farautar kansa, kuma ya kama!" Limamin da na zare wa ido ya rufe baki da rawani, kafaɗunsa na girgiza. Ni dai ina tsaye ba takalmi.

Mutum biyu ne ba su yi dariya ba, mai gari da Baba Tanimu. Mai gari ya ce, "Baba, ka yi haƙuri. Amma ƙwaryar fa?"

Baba ya ce, "Dusa ce da kanwa, ranka ya daɗe. Goɗiyata na cikinsu. Ranar da muka gudu ni na kwance ta da hannuna. Da na gan ta a bakin korama na kira ta, ta waigo. Tun daga nan nake kai musu can tafkin bayan dutse, in sun lasa sai su yini su kwana a can, ba su gangaro gonaki ba. Ban faɗa ba don na ji ana batun harbi."

Sai a lokacin mutane suka tuna kwana biyun nan ɓarnar ta ragu. Ni kuwa har na faɗa a majalisa cewa warin layata suka ji.

A nan aka yanke shawara a riƙa haɗa dusa da kanwa gida-gida ana kaiwa tafkin, a kama 'yan duƙushin a horar, Baba ya jagoranci aikin. Aka ce ana bukatar mai ɗaukar buhu. Mai gari bai ko dube ni ba ya ce, "Ga maharbi nan."

Washegari da safe na je ɗakin Baba na durƙusa na ce ya yafe mini. Ya ce ya yafe duniya da lahira. Muka kama hanya, buhu a kaina, shi a gaba. Da muka yi nisa sai ya tsaya ya dubi silifas ɗinsa.

Ya ce, "Ɗana, da jiya an samu ƙusa ko ɗaya a ƙarƙashin wannan, kana ganin akwai wanda zai tsaya ya ji zancen goɗiya?"

Na san amsar, kuma ta fi buhun nauyi.

Har yau Ƙusa Uku ake kira na a Karare, har matata in ta so tsokana. Ban daina karatun sawu ba, sana'ar gidanmu ce. Sai dai yanzu duk sawun da na gani, kafin in buɗe baki in kira sunan ɗan wani, sai na jingina da bishiya na ɗaga ƙafata na duba tukuna.